Luba da Yaran Gindin Bango

Bango ɗaya ne ya raba ɗakina da na Luba a Barikin Kwano. In ta yi tari ina ji, in na yi minshari ta buga bangon da muciya. Haka muka zauna tun ina iya ɗaukar buhu a ka har furfura ta fito mini.

Barikin Kwano ba garin kowa ba ne. Layukan ɗakuna ne na ƙasa da rufin kwano, gwamnati ta gina tun zamanin Turawa, dab da bakin iyaka, inda hanyar Maraɗi ta bar Jibiya. An yi su ne don leburorin hanya irina, da masu gadi, da ƙananan ma'aikatan kwastan. Aiki ne ya tara mu. Akwai mutanen ƙauyen Kusa da na Bugaje, akwai Kiristoci daga kudancin Zariya, akwai waɗanda suka tsallako daga Nijar. Rijiya ɗaya muke sha. Ran Sallah tuwo ya tsallaka layi, ran Kirsimeti shinkafa ta dawo a cikin kwanon nan dai. In aka yi wa wani canjin wurin aiki ya tafi, wani ya shiga ɗakinsa, kafin wata ya ƙare ya zama namu.

Luba 'yar Farfaru ce. Ta zo da mijinta, lebura ne a ƙarƙashin helma Maharazu, shugaban leburori, wata damina ramin marmara ya rufta da mijin. Bisa ƙa'ida sai a karɓe ɗakin a ba wani. Maharazu ya kawar da kai, domin a lokacin duk barikin ya san hannunta. Ita ce ungozomarmu. Gajera ce, haƙoranta jawur da fure, tana da wani gwangwani da take ajiye reza da zare. Bakinta kuwa ba ya raga wa kowa. In saurayi ya wuce bai gaishe ta ba sai ta ce, "Kai, dawo nan. Ni na fara ganin ka, ba wando ba hula, kana ihu kamar an taka maka wutsiya."

To amma ba duk haihuwa ake suna ba. A zamanin nan yara da yawa sukan zo ba rai, wasu su ɗan taɓa duniya su koma. Al'adar da muka tarar a barikin ita ce, yaron da bai kai suna ba ba a kai shi maƙabarta. A bayan layin ɗakuna ake haƙa masa, a gindin bango, tun uwar tana kwance. Kuma ba a nuna mata wurin. Ba ta tambaya, ba a faɗa mata, wai don kada ta riƙa zuwa tana kuka a kai, ranta ya tsaya can ta kasa samun wani. Mazan galibi suna kan hanya in abin ya faru, saboda haka Luba ce ke zaɓen wuri, ba lalle bayan ɗakin uwar ba. Ta kira duk namijin da ke kusa ya haƙa, ta kifa tsingaron tukunya a kai, a mayar da ƙasa a daddale. Ni ma na sha haƙawa. Amma namiji in ya rufe ya wanke hannu ya gama. Ita ce ke riƙewa, kuma da bangon take gane su: wannan a ƙarƙashin taga, wancan inda indararo ke zuba, wancan kusa da tsagewar da ta yi kamar ƙafar kaza. Ba su da suna, sai ta riƙa kiran su da na uwayensu. Na Rut. Ta Khadijatu. Tagwayen Jummai.

Namu ma yana cikinsu, ɗan farin matata Salmatu. Ina wajen aikin gada aka yi, na dawo na tarar an gama. Ban tambaya ba. Ita ma ba ta taɓa ɗaga zancen ba, ga kunyar ɗan fari ga al'ada.

Sai kuɗin mai suka zo. Shekarun nan da aka koma tuƙi ta hannun dama aka fito da naira, hanyar Maraɗi ta cika da manyan motoci, su yi layi tun daga shingen kwastan har cikin gari. Wuri ya yi musu kaɗan. Wata rana Maharazu, wanda ya tsufa ya zama kamar mai unguwarmu, ya tara mu a bakin rijiya ya ce magana ta zo daga sama. Za a rushe bariki a yi filin ajiye motoci. Ma'aikata za a gina musu na bulo a wani wuri, mu kuwa tsofaffi an yanka mana filaye, wasu gabas da gari wasu yamma.

Ba wanda ya yi gardama. Gaskiya ɗakunan sun gaji, gara ta cinye azara, damina kowa da roba a tsakar ɗaki yana tarar ruwa. Mutane suka fara kwashe kaya. Ɗiyar Luba da ke aure a Bugaje ta aiko da amalanke a ɗauko uwarta. Luba ta ba mai amalanken ruwa ya sha, ta sallame shi ba ko tsinke a kai.

Maharazu ya same ta a ƙofar ɗaki, ina zaune ina ji.

"Luba, kowa ya tashi sai ke. Da katafila za ki yi gardama?"

"In na tahi, wa zai faɗa mata inda ba za ta taka ba?"

"Me za ta taka?"

"Ɗiyan mutane, Helma. Kai ka haƙa ma tagwayen Jummai da hannunka. Ko tsuhwa ta cinye maka wannan ma?"

Maharazu ya dubi takalminsa. Can ya ce, "Ai sun zama ƙasa."

"To ƙasar ce za a kwasa a cike rami da ita a kan hanya, mota na bi ta kai."

Maharazu ya juya ya tafi. Ya je ya samu ɗan kwangilar da aka ba aikin. Mutumin ba mugu ba ne. Ya ce a kwashe su, zai jira, amma kada a daɗe don damina na tafe kuma siminti ba ya son ruwa. Limaminmu ya ce in larura ta kama ba laifi a canza musu makwanci. Maharazu ya dawo da murna ya ce to ga sauƙi, maza su fito da safe, Luba ta nuna, a haƙe a kai su wani wuri, ba sai an tayar da hankalin kowa ba.

"Ba uwayensu?" in ji Luba.

"Kin fi kowa sanin al'ada. Ba a nuna musu."

"Na ɓoye musu ne don ɗiyan na kusa da su, bango ɗaya. Kowace ta san yana nan ko ba ta san ina ba. Yanzu in na ɗauke su na kai wani wuri ban faɗa ba, sata na yi. Al'adar ta bariki ce, Helma. Barikin ne kuma za a rushe."

Ina cikin waɗanda aka ɗauka su cire kwano da azara kafin katafila ta zo. Muka bar ɗakunan a buɗe, ba rufi ba ƙyaure, rana na dukan daɓen da ba ta taɓa gani ba. Da tsakar rana abokan aikina sukan tafi bakin hanya cin abinci, ni in zauna a gindin bedi, wato dalbejiya, da ƙullin furata. A nan na ji. Na san kukan kyanwa, na san na ɗan akuya. Wannan ba su ba ne. Siriri ne, irin wanda na saba ji ta bango in an haihu a maƙwabta, ya ɗan ja ya yanke. Babu mai goyo ko ɗaya da ta rage a layin. Na tashi na zagaya baya, sai ga Luba duƙe da tsintsiya tana shara a gindin bango, tana magana ƙasa ƙasa.

"Yi shiru, na Rut. Uwarka na tahe."

Na ce, "Yaya Luba, da wa kike?"

Ba ta ɗago ba. "Ka ji su ke nan. Tun da kunka cire kwano ba su samu barci ba. Inuwar da sunka saba da ita ta tahi." Ta miƙe tana dafa baya. "Abdu, ni zan je in zo da uwayen. Kada wanda ya taɓa mani bango sai na dawo. In bango ya faɗi na makance."

Daga ranar ban ƙara zama ni kaɗai a layin da rana ba.

Matar nan ba ta taɓa wuce Katsina ba. Ta tsaya a bakin shinge ta tare motar Ɗantala, wani direba da aka haifa a layinmu.

"Inna, gaban mota na masu gida ne," ya ce yana dariya. "Hau baya kan buhu."

"Ni da na yanke maka cibi? Da na sani na bar maka shi dogo ka riƙa tuntuɓe. Buɗe ƙofa."

Ya sauko ya ɗaga ta da kansa. Shi ya kai ta Maraɗi wajen Khadijatu, shi ya kai ta Katsina wajen Jummai, inda ba ya zuwa kuma ya damƙa ta a hannun wani direban. Waɗanda ba ta san inda suke ba ta bar saƙo a bakin direbobi, tasha zuwa tasha. Wasu matan sun ce ba za su zo ba, abin da ya wuce ya wuce. Wata ta rufe mata ƙofa. Rut kuwa an mayar da mijinta Luka can Kaduna, kuma Luba ta ce wannan sai ta je da ƙafarta, don Rut ta fi kowa shan wahala a haihuwar nan. A gidan Rut zazzaɓi ya kwantar da ita, ta daɗe ba ta tashi ba.

Mu kuma a nan hadari ya fara haɗowa. Ɗan kwangila ya zo wajen Maharazu ya ce shi fa lokaci na ƙure masa, ko akwai ɓangaren da babu kowa a ƙasa ya fara da shi. Muka zauna muka yi shawara. A ƙarshen layin gabas akwai ɗakunan sito, inda ake ajiye diga da shebur da gangunan kwalta. Ba a taɓa ba wa mai iyali su ba, ba a taɓa kai amarya can ba. Inda ba mace ba haihuwa. Dukanmu muka yarda da haka. Katafila ta ture su, aka daidaita wurin, aka zuba siminti mai kauri wanda zai ɗauki tirela da kayanta.

Ranar da Luba ta dawo, Rut ce ta fara saukowa daga motar Ɗantala, ta riƙo hannunta. Luba ta rame har fuskar ta canza. Ta dubi layinmu, bango na nan. Ta juya gabas. Sai kawai ta zauna a ƙasa a tsakiyar hanya.

"Wa ya ce ku taɓa?"

Maharazu ya ce, "Sito ne, Luba. Ba a taɓa haihuwa can ba."

"An yi."

Sannan muka ji. Shekarar farin nan da Buzaye suka gangaro daga arewa, dabbobinsu sun ƙare, wasu sun raɓe a ɗakunan sito kafin su wuce. Duk mun tuna da su, mun ba su tsaki da ruwa. Abin da ba mu sani ba shi ne wata a cikinsu ta haihu a can. Yunwa ta riga ta gama da cikin, yarinyar ba ta ko yi motsi ba. Mijin ne ya haƙa da kansa, Luba ta kifa tsingaro. Ba ta jin bakinsu, ba su jin nata, ko sunan matar ba ta sani ba. Da suka iya tafiya suka yi kudu.

Ba wanda ya iya duban ta. Ita ce ma ta fara miƙewa ta ce, "To, mu yi na waɗanda sunka rage."

Da hantsi washegari matan suka taru a bayan layi. Ba su da yawa kamar yadda ta so, amma sun fi yadda na zata. Wasu sun tsufa har sai da suka faɗi sunansu aka gane su. Salmatu tun da safe ta ce mini ita ba ta zuwa, me za ta gani. Da na isa da shebur na same ta can baya, da sabon farin ƙyalle a ƙarƙashin mayafi.

Luba ta riƙa bin bango da sanda tana shafa shi da hannu. In ta tsaya sai ta kira.

"Rut, zo. Ga naki."

Rut ta durƙusa ta ɗora tafin hannu a ƙasa, ta fara wata waƙa a hankali da yarensu. Ba wanda ya hana ta. Muka jira ta gama sannan muka haƙa. Tsingaron na nan yadda aka kifa shi. A ƙarƙashi baƙar ƙasa ce da 'yan ƙasusuwa kamar na tsuntsu. Uwar ce ke shimfiɗa ƙyalle, mu zuba, ta naɗe da kanta.

Jummai da aka nuna mata nata ta ce, "Ashe kusa da turmi suke. Duk dakan da na yi a kansu na yi."

"Shi ya sa ba su taɓa kuka ba," in ji Luba. "Sun san uwarsu na nan tana ɓata hatsi."

Matan suka fashe da dariya da hawaye a fuska.

Da aka zo wajen tsagewar nan mai kama da ƙafar kaza, Luba ta tsaya ba ta juya ba. "Salmatu, ba kya zuwa, na ji. To ga naki. Namiji ne, kai cike da gashi, ƙaton kai irin na Abdu."

Salmatu ta matso ta tsaya tana duban wurin. Abin da ta ce kawai, "Nan nake shanya." Ni na haƙa. Ban iya kai ƙarshe ba, sai da Ɗantala ya karɓi shebur ya ƙarasa.

Wani manomi na hanyar Kusa, Uwaisu, ya ba mu gefen gonarsa a gindin tsamiya. A can wani ya ɗaga maganar a ware na Musulmi gefe, na Kirista gefe. Rut ta ce, "Tare suka kwanta tun ba su san komai ba. Don Allah a bar su." Liman ya dubi tsamiya ya ce yaran da ba su yi suna ba Allah Ya san nasa. Ya yi addu'a, Luka da ya biyo Rut shi ma ya yi tasa. Luba ta sa aka jera su yadda ɗakunan uwayensu suke a da, maƙwabci kusa da maƙwabci. Da kowace ta tsaya a kan nata, sai na ga layinmu ya dawo: ga Khadijatu, ga Jummai kusa da ita suna gardama a kan wata tsohuwar tukunya, ga Rut, ga Salmatu. Tun daga shekarar, in an gama girbi matan kan zo gindin tsamiyar nan da tukwane su wuni, da 'ya'ya da jikoki. Wanda ke neman mutumin Barikin Kwano can zai same shi.

Bayan sati aka ture sauran bangon. Filin motoci ya cika tun simintin bai gama bushewa ba.

Luba ba ta tafi Bugaje ba. Ta kama wani ɗan ɗaki kusa da shinge, ta sami faifan gyaɗa da tabarma, ta je kusurwar gabas ta filin ta zauna. Babu bango yanzu, ba ta san daidai wurin ba, saboda haka ta tsare fili mai faɗi, wanda zai ishi mota guda. In direba ya nufo wurin da babbar motarsa, kamyo in ji mutanen Nijar, sai ta miƙe da sanda.

"Kai mai kamyo, ja gaba!"

"Tsohuwa, filin ubanki ne?"

"Na ɗiyar baƙuwata ne. Tana barci. Ja gaba, ko in je in faɗa ma uwarka."

Da farko sun yi ta faɗa da ita. Ɗantala ya bi su ɗaya ɗaya yana ba su labari, shi kuma in yana gari sai ya gyara tsayuwar motarsa yadda inuwarta za ta faɗa a kusurwar. In rana ta take, Luba takan ɗauki buta ta zuba ruwa a kan simintin, ya yi ƙara ya bushe nan take, ta ƙara. Ta ce mini siminti ya fi ƙasa zafi, kuma ta nan ba a jin kukan sosai, sai ta sa kunne. Wasu direbobin sun ce su ma sun ji, lokacin da injuna suka yi shiru ana sallar azahar. Wasu sun ce ƙarar ƙarfe ce in ya sha rana. Duk da haka har masu cewa ƙarfe ne ba su ajiye mota a wurin.

Abin da ya zaunar da ita a can ba tsaron kawai ba ne. Da ruwa ya dawo, Buzaye suka fara komawa arewa, kuma duk mai komawa ta shingen nan zai bi. Luba ta samu wani mai gadi Buzu ya koya mata tambaya ɗaya da bakinsu: ko ke ce kika haihu a nan shekarar fari? Duk Buzuwar da ta gani, a kan jaki ko a bayan mota, sai ta je ta tambaye ta. Wasu su yi dariya don yadda take karya harshen. Wasu su girgiza kai. Wata ta yi kuka sosai, har muka zaci ita ce, ashe nata a wani gari ta bari.

Da ciwo ya kwantar da Luba, Salmatu ce ke jinyar ta. Na shiga gaishe ta wata yamma na same su tana maimaita wa Salmatu kalmomin nan, tana zagin ta in ta yi kuskure.

"Ba haka ba, bakinki kamar na mai cin tuwo da zafi. Sake."

Aka binne ta a maƙabartar gari. Bayan addu'ar bakwai Salmatu ta ɗauki buta da tabarma ta fita, ba ta ce mini komai ba, ni ma ban tambaya ba. Yanzu ita ke zama a kusurwar. Masu komawa arewa sun ragu ƙwarai, wani lokaci a yi wata ba a ga ko ɗaya ba. In ta ga wata takan tashi ta je ta tambaya. Har yau ba wadda ta ce ita ce.